Ƙarfen da ke Ƙirjin Maman Elijah

Ni dai ban taɓa ganin abin dariya a sunan nan da suka laƙaba mata ba. Wai Mai Ƙarfe. Ɗanta ne ya fara, matarsa ta karɓa, kafin ka ce kwabo duk layinmu na Barkin Sale ya ɗauka. Ita kuwa in an kira ta da shi sai ta yi murmushi ta amsa, don mace ce da ba ta iya ɓata wa mutum wasansa ba. Sunanta Alice. Ni Maman Elijah nake ce mata, kuma da shi zan kira ta har in gama.

Ni ce Kubura, maƙwabciyarsu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma rijiyar gidana rabin layin ke ɗiba tun da ruwan famfo ya zama sai labari. Ɗinki nake yi a rumfar tsakar gida, kekena na fuskantar rijiyar. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsince shi ba. A gabana aka yi, ina taka keke ina kallo, har na gaji da kallon.

An kawo ta gidan ne bayan aikin da aka yi mata a wani asibiti a Abuja. Jijiyar da ke ba zuciyarta jini ce ta toshe, likitoci suka tura mata wani ɗan siririn ƙarfe mai kama da raga, ya tokare jijiyar, jini ya sami hanya. Elijah, ɗanta na fari, ya ce ba za ta koma Kafanchan ba, ta zauna wurinsa ta huta. Kowa ya sa masa albarka, har da ni. Suka yi godiya a cocinsu, ni na ɗinka musu ankon, atamfa shuɗiya mai zanen ganye. Aka ce ta miƙe a gaban jama'a ta ba da shaida cewa Allah ya warkar da ita, mata suka yi ta guɗa. Da yamma aka aiko mana da dafa-duka da naman kaza. Na ci, na ce madalla da ɗa na gari.

Hutun bai yi tsawon rai ba. Yarinyar da ke musu aiki ta tafi gida Kirsimeti ba ta dawo ba, ba su kuma nemi wata ba. Charity, matar Elijah, ta ce ba ta yarda da ruwan 'yan ga-ruwa ba, ba a san inda suke ɗebo shi ba, aka sallami mai kawo musu. Elijah da sassafe zai tada mota ya nufi wurin aikinsa wajen Maikunkele, ita kuma ta wuce shagonta na kayan kwalliya a kasuwa. Sai a bar tsohuwa da gida, da wanki, da girki, da jaririyarsu Hope a baya. Ba wanda ya buɗe baki ya ce mata yi. Ajiye mata komai dai ake yi a gabanta a fice.

"Ai motsa jiki ne," in ji Elijah. "Likita ma ya ce ta riƙa motsa jiki. Mama yanzu duk ta fi mu ƙwari, ƙarfe ne fa a ƙirjinta."

Ranar da na fara tsorata, da hantsi ta zo ɗiban ruwa, goyo a baya. Ta jefa guga, ta jawo shi har rabi, sai ta tsaya. Ta take igiyar da ƙafa, ta dafe ƙirji, tana kallon ƙasa. Na tsayar da keke.

"Maman Elijah, lafiya?"

"Lafiya lau, Maman Mujahid. Numfashi ne ya ɗan riƙe mini."

Na karɓi igiyar na ƙarasa jawowa, na miƙa mata kujera 'yar tsuguno. Ta zauna, gumi na tsattsafo mata a goshi alhali ko rana ba ta yi zafi ba. Da ta dawo daidai sai ta ce mini, ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron katanga ta ji, ciwon da ya kai ta Abuja ne yake leƙowa. Nauyi ne a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora mata dutsen niƙa, yana bi ta haɓa ya gangara hannu.

"To ba an gyara ba?"

"An gyara. Amma likitan bai ɓoye mana ba, ina kwance ina ji, Elijah na tsaye." Ta lanƙwasa yatsarta ta nuna mini. "Ya ce jijiyar ta ɓangaren dama ce, kuma ba a miƙe take ba, ta karkace kamar gwiwar hannu, ga shi ta yi tauri da tsufa. Wurin da ya toshe dogo ne, ƙarfe ɗaya bai isa ba, sai da suka sa biyu, bakin ɗaya cikin ɗaya. Ya ce duk bugun da zuciya za ta yi sai wurin ya lanƙwashe ya miƙe. Kin san murfin gwangwanin madara, in kina kai shi gaba kina dawo da shi baya?"

"Tsinkewa yake."

"To. Ya ce na yawancin mutane ba ya karyewa, amma irin nawa shi ake sa wa ido. In na ji ciwon ya dawo, kada a tsaya wata-wata, a maido ni a duba. Kuma ƙwayar nan mai hana jini daskarewa, ko ta rana ɗaya kada in tsallake."

"Kin faɗa wa Elijah ciwon ya dawo?"

"Na faɗa. Ya ce gajiya ce."

"Gajiya! To wa ya gajiyar da ke?"

Ta gyara goyonta, ta ce in taya ta ɗora bokiti.

Ashe maganar ƙwayar ma akwai ta a ƙasa. Da farkon zuwanta duk inda ta ɗan bugu sai jini ya kwanta mata a ƙarƙashin fata, baƙi ƙirin, a dantse, a bayan hannu. Aikin maganin ne. To wata Lahadi sai wata mata a coci ta riƙe hannunta a gaban Charity ta ce, "Mama, me ya same ki haka?" Shi ke nan. Charity ta dawo gida tana huci, wai gobe sai a ce dukan uwar miji take yi. Ni ban san an yi haka ba, sai da na zo gwada mata riga na ga hannun ya yi fes. Na ce kai madalla, tabon ya ɓace. Sai ta sunkuyar da kai ta ce ai ƙwayar ce ta ƙare, ba a sake sayowa ba.

Na kasa haɗiyewa. Asabar da safe na tarar da Elijah a ƙofar gida yana wanke mota, da ruwan da uwarsa ta ɗebo. Muka gaisa.

"Elijah, na ji an ce Mama ta daina shan magani."

Ya matse soso, ya yi dariya irin ta wanda ya san abin da ba ka sani ba. "Hajiya ke nan. Ai ƙarfen da aka sa mata ba irin na da ba ne. Mai magani ne. Maganin a jikinsa yake, yana sakinsa a hankali a cikin jijiyar. Ni likita ya yi wa bayani da Turanci. To mutum na ɗauke da magani a cikin zuciyarsa, me za a yi da wata ƙwaya mai ɓata mata jiki?"

"Likitan ne ya ce a daina?"

"Ai ba sai ya faɗa ba. Abu ne na hankali."

"Ita ta ce ya ce ko ta rana ɗaya kada ta tsallake."

"Mama tana cikin magagin allura a lokacin, me ta ji?" Ya watsa wa taya ruwa. "Kwantar da hankalinki, Hajiya. Ƙarfe ne fa. Kin taɓa ganin nama ya karya ƙarfe?"

Na ce masa ya shigo ya ga bakin rijiyata, yadda igiyar guga ta cinye siminti. Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce ni dai akwai magana.

Wani maraice ina kwashe shanya a jikin katanga na ji muryar tsohuwar.

"Charity, 'yata, yau ƙirjin ya matsa mini. Ko za ki daka sakwarar nan, in ɗan kwanta?"

"Mama, don Allah ki daina faɗin haka. Kin tsaya a gaban jama'a kin ce an warkar da ke, yanzu kuma da bakinki za ki soke shaidarki? Abin da mutum ke furtawa shi ke bin sa. Ki ce na warke."

"Na warke."

"Yauwa. Ni ma tun safe nake tsaye a shago, ƙafafun nan kamar ba nawa ba."

Can sai na ji taɓarya. Na san bugun hannun kowa a gidan nan, kuma wannan ba na Charity ba ne. Bugu kaɗan, a tsaya. Bugu kaɗan, a tsaya. Na tsaya da zanin mutane a hannu, takaici ya cika ni har wuya.

Kada wani ya ce addininsu nake zagi, Allah shi ne shaida. Tare da Kiristoci na tashi a Limawa, na san masu tsoron Allah a cikinsu da za su goya uwarsu su kai ta Abuja a ƙafa. A namu gidajen ma na sha ganin inda ake ce wa mara lafiya yi tawakkali, don kawai kada wani ya tashi daga inda yake zaune. Son jiki ne, in ya rasa mayafi sai ya ari na addini. Washegari Charity ta sayo wa tsohuwar maganin gyambon ciki a kemis, wai ƙila yaji ne ya yi mata yawa.

Ranar da likita ya ce a dawo da ita a duba, tun da safe na gan ta zaune a benci a ƙofar gida. Ta sa ankon godiyar nan, ta kafa ɗauri, jaka a cinya. Ta yi kyau abinta. Elijah ya fito yana kaɗa makullin mota, ya gan ta, ya dafe kai.

"Ayya, Mama, yau ne? Kai, ba zai yiwu ba. Kin san yadda hanyar Suleja ta koma kuwa? Rami a kan rami, ga tankokin mai sun toshe ko'ina. Jijjigar kaɗai ta isa ta tayar miki da ciwo. Don ke nake yi. Ba yau ba, bari damina ta wuce."

Ta ce to. Ya tada mota ya tafi. Ta daɗe a bencin kafin ta shiga ta cire kayan, ta fito da bokiti.

Damina ta wuce, ya ce motar na son gyara. Aka gyara mota, ya ce aiki ya yi yawa a ofis. Aiki ya ragu, ya ce ana tare mutane a hanya. Kullum hanya. Sau nawa na ga ankon nan a benci, ban ƙirga ba, na dai san har shuɗin ya fara koɗewa.

Rannan na ce mata, "Tashi mu je tasha, ni da ke. Mu hau mota mu je Abujar nan. In kuma ta yi miki nisa, mu fara da asibitin cikin gari."

Ta dube ni kamar na ce mu je sata. "Maman Mujahid, in tafi asibiti da maƙwabciya, ɗana na gari, mota na ƙofar gida? Me za a ce da shi? Yaron nan ya yi ƙoƙari a kaina. Ba shi da mugunta, abubuwa ne suka yi masa yawa."

"Ke kuma fa, ba su yi miki yawa ba?"

"Ni na haife shi. Ba ni zan tona masa asiri ba."

Wannan ita ce ta fi ba ni haushi, kuma ita ce ta fi ba ni tausayi. Ana yankanta tana riƙe wa mai yankan riga kada jini ya ɓata masa.

Na koma in na gan ta sai in tashi in ja mata ruwan in kai har ƙofa. Ba a jima ba Charity ta shigo gidana da murmushin da bai wuce haƙori ba, ta ce sun gode, amma Hajiya a rage, mutane na kallo, sai a ɗauka ba sa kula da Mama. Na ce mata mutane ai sun daɗe suna kallo. Ta fita ba sallama. Daga ranar tsohuwar ta koma fakona, sai ta ji na tada salla ko na shiga girki sannan ta lallaɓo da bokitinta, don a zauna lafiya.

Jiki kuwa magayi. Ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga. Ta ce mini ba ta iya kwanciya a miƙe yadda mutane ke yi, sai ta jingina da bango take samun barci. Hope ta yi wayo ta yi nauyi, amma ba ta yarda da kowa sai bayan kakarta. Tsakanin rijiyata da ƙofarsu ba wata tafiya ba ce, amma sai ta sauke bokiti a hanya ta dafa katanga ta huta. Har yau akwai wurin da jiƙaƙƙen hannunta ya yi duhu a jikin katangar, ban bari an shafe shi ba. In masu wucewa suka ce, "Mai Ƙarfe, sannu da aiki," sai ta ɗaga musu hannu, don ba numfashin amsawa.

Ranar da abin ya faru, na fito daga ɗaki na gan ta a bakin rijiya tana kwance goyo da sauri. Fuskarta ta yi toka-toka.

"Maman Mujahid, riƙe mini yarinyar nan kada in faɗi da ita."

Ina karɓa ta sulale ta zauna a cikin caɓi, ta jingina da rijiya, bakinta a buɗe. Na ƙwalla kira. Mata suka fito, aka kirawo Ndakotsu mai keke napep da ke tsayawa a bakin layi, muka cicciɓe ta muka sa. A asibitin cikin gari suka sa mata iska a hanci, suka ce zuciya ce, a gaggauta kai ta inda aka yi mata aikin. Elijah ya iso a guje yana tambayar me ya faru, me ya faru, kamar yau aka haife shi. Charity ta ce ga yarinya ga shago, ba za ta iya bi ba. Maigidana Munzali ya ce in bi su, bai kamata mace ta rasa mace a kusa ba.

Hanyar ba kyau, ba zan yi ƙarya ba. Motar asibitin ta yi ta jefa mu sama tana cafewa. Amma hanya ce, motoci na bi, mu ma muka bi. Kafin la'asar muna Abuja.

Bayan sun shiga da ita sun fito, likitan ya kira mu. Da ya gan ni da hijabi sai ya juya harshe zuwa Hausa. Ya nuna mana hoto a talabijin ɗinsu, ya sa biro a wani wuri. Ko ni da ban yi boko mai nisa ba na ga abin, 'yar ragar nan ta rabu biyu, baki ya kauce wa baki.

"Ya karye daidai inda biyun suka haɗu, a kan lanƙwasar," in ji shi. "Nama ya tsiro a wurin ya matse hanyar, sannan jini ya daskare ya rufe ta gaba ɗaya. Mun buɗe, amma wani sashe na zuciyar ya riga ya mutu."

Na zaci Elijah zai tambaya ko za ta tashi. Wallahi abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Likita, aiki ne ya karya shi?"

Likitan ya dube shi. "Ba zan ce aiki ba. Yanayin jijiyarta ne, da tsawon ƙarfen, da haɗin nan. Tana iya zama ba ta ɗaga ko cokali ba ya karye. Karyewar ba laifin kowa ba ce."

Na ga kafaɗun Elijah sun sauka, har da ajiyar zuciya.

"Amma wannan ba karyewar jiya ba ce," likitan ya ci gaba. "Ta daɗe. Dole ta riƙa jin ciwo, kuma ciwon shi ne kiran da muka ce a amsa. Da an kawo ta lokacin, aikin yini ɗaya ne. Yaushe ta daina shan ƙwayar jinin?"

"Ai... na ɗauka tun da ƙarfen mai magani ne..."

"Maganin jikinsa na hana nama tsirowa ne, kuma cikin 'yan watanni yake ƙarewa. Ba ya hana jini daskarewa. Saboda shi ma muka ce kada a daina ƙwayar." Ya rufe biron. "Kai ma ka riƙa duba kanka. Ciwon nan yana bin jini."

Ta yi 'yan kwanaki a kwance, da wayoyin na'ura a ƙirji. Ni ke zama da ita, Elijah na waje yana amsa waya. Ranar ƙarshe da ta iya magana ta yafito ni, na kai kunne bakinta. Na zaci saƙo za ta bari.

"Maman Mujahid, wa ke ɗebo musu ruwa?"

Kuka na yi, na kuma ji haushin kaina da nake kuka a gabanta. Washegari da hantsi ta cika.

Kafin a wuce da gawa Kafanchan aka yi zaman gaisuwa a gidan. An kafa rumfa, an jera kujerun roba. Duk wanda ya zo Elijah zai tarbe shi da jajayen idanu, ya ba shi labari iri ɗaya.

"Ƙarfen ne ya karye. Likita da bakinsa ya ce ba laifin kowa ba ne, ba aiki ba ne, ba komai ba. Kun san Mama da haƙuri, ba ta taɓa ce mana ga inda ke mata ciwo ba. Da mun sani..."

Mutane na kaɗa kai, ana tsine wa kayan zamani marasa ƙarko. An bar jaki ana dukan taiki. Na ji sau ɗaya na daure, na ji na biyu na cije. Da ya sake faɗa wa wani dattijo sai na ji na miƙe tsaye.

"Ta faɗa, Elijah. Ta faɗa maka ka ce gajiya ce. Ta faɗa wa matarka aka ce ta ce ta warke. Ta sa anko ta zauna a bencin can tana jiranka har atamfar ta koɗe. Kuma maganar likita rabi ka ɗauko, ina wurin, ka bar rabin a Abuja."

Charity ta fashe da kuka. Elijah ya sunkuyar da kai. Sai ga mata sun taso, namu da nasu, wannan ta riƙe mini hannu, wannan ta ja mini hijabi.

"Haba Hajiya, gidan makoki ne. Ba yau ba."

Ba yau ba. Kalmar da aka yi ta faɗa mata ke nan har ta mutu, ga shi ni ma an faɗa mini. Na ce musu to yaushe? Ba wadda ta ba ni rana. Suka rako ni har gida, suna ba ni haƙuri kamar ni na yi laifin.

Suna dawowa daga jana'iza, sati bai zagayo ba na ji ƙarar kurar ɗan ga-ruwa a ƙofarsu, yana juye jarkoki. Ashe ruwan nasu ya zama mai tsabta. Aka kawo sabuwar yarinyar aiki daga ƙauye. Sakwara kuwa aka koma sayen garinta a leda, wai daka na sa ciwon kafaɗa. Ba sa gaishe ni, ni ma ban mutu ba.

Sai wata safiya, ko shara ban gama ba, na ji ana buga mini ƙofa da ƙarfi. Na buɗe, Charity ce, ɗankwali a karkace, Hope a kafaɗa tana barci. A bayanta mota na kunne, Elijah na zaune a kujerar mai zaman banza ya dafe ƙirji, wani abokinsa ya riƙe sitiyari.

"Hajiya, don Allah ki manta da komai, ki riƙe mini ita. Yarinyar aikin ba ta saba da ita ba. Baban Hope ne, jiya bayan cin abinci ya ji wani abu ya ɗan soke shi a nan. Abuja za mu."

"Tun yaushe yake jin ciwon?"

"Jiya kawai. Sau ɗaya."

"Ba gajiya ba ce?"

Ta waiga ta dubi motar.

"To hanyar fa?"

"Wace hanya kuma, Hajiya? Zuciya ce fa. Ai ba a wasa da zuciya."

Na dube ta, na dubi mijinta. Na miƙa hannu na karɓi yarinyar, ba ita ta yi mini laifi ba. Charity ta ruga ta shiga mota, suka fizge ta kamar ana korarsu.

Na tsaya a bakin ƙofa da jikar Maman Elijah a kafaɗa, kusa da inda hannun kakarta ya yi duhu a katanga, ina kallonsu har suka sha kwana. Hanyar Suleja tana nan yadda take. Wallahi ko tsakuwa ɗaya ba a zuba mata ba.